Ruwan da Na Ɗebo wa Baba

Kwana uku da binne Baba, Inna ta kira ni daga kan gadonta ta ce in je in ɗaga murfin rijiya.

Na ce, "Wace rijiya kuma, Inna? Gidan gizo-gizon nan?"

"Domnica, cewa na yi ki je ki ɗaga. Tun jiya nake jin sanyi yana fitowa daga wajen."

Na tafi ina gunaguni. Rijiyar nan tun ina 'yar makaranta ta ƙafe. Baba ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da ya auri Inna, ya jera mata duwatsu, ya yi mata rumfar katako. Daga baya kamfanin kwal ya turo ramukansa ƙarƙashin ƙauyenmu. Kwal ba ya haƙuwa cikin ruwa, sai suka dasa manyan injuna a can ƙasa suna zuƙe shi dare da rana suna watsawa a kogi, rijiyoyinmu kuwa suka yi ta ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, wa aka ɗora a kan injunan? Baba. Mutum ya tashi da asuba ya je ya tsotse rijiyar gidansa, a biya shi albashi, ya dawo ya tarar da matarsa a layin motar tanka riƙe da jarka. Duk da haka bai taɓa barin murfin ya ruɓe ba. Kowace bazara sai ya sayo sabuwar igiya ya ɗaura wa gugan da babu abin da zai ɗebo, mutane suna yi masa dariya, yana cewa ruwan zai dawo.

Shekarun baya aka rufe ramin, aka kashe injunan. Baba ya zauna gida da ƙurar kwal a huhu, yana tari har ya tafi. Maganarsa ta ƙarshe, in ji Inna, ruwa ya roƙa.

Na ɗaga murfin don dai a bar ni in huta. Na jefa ɗan dutse ina jiran in ji ƙwal a kan busasshiyar ƙasa. Sai na ji tsulum. Na leƙa, ga fuskata can ƙasa tana kallona.

Da na gaya wa Inna, ba ta ko yi mamaki ba. Ta yi alamar gicciye ta ce, "Ubanki Pantelie ne ya turo shi. Yana zuwa can ya sako mana abinmu. To, kin ga daga inda za ki ɗebo masa ruwansa."

A wajenmu mamaci yana tafiya da ƙishirwa. Kowace asuba har kwana arba'in sai a ɗebo ruwa da sunansa a kai gidajen maƙwabta, su karɓa su ce Allah ya kai masa, su sha. Abin da ya wuce maƙogwaronsu shi ne yake isa gare shi. 'Yan gidan ba sa ɗanɗanawa, kuma ko ɗigo ba ya wuni a gidan, duk sai ya fita ƙofa. A da yarinya ake ɗauka ta yi wannan aiki. Yanzu ina yarinyar? Duk 'yan matan suna Italiya da Sifaniya suna wanke tsofaffin wasu, kamar yadda ni ma nake yi a Torino. Saboda haka ni, mace mai shekara arba'in da ɗoriya da ciwon baya, ni na saɓa sandar kafaɗa mai bokiti biyu.

Ranar farko kam sai wanda ya gani. Ruwa garai-garai, kana hango gindin bokiti. Na kai wa Inna kofi ɗaya har gado ta kusanto da shi idonta mai yana, ta yi murmushi, ta ce in mayar cikin bokitin maza. Gwaggo Sevasta, maƙwabciyarmu ta jikin shinge, ta karɓa tana hawaye. Gidaje bakwai ne suka rage da mutane a layinmu, kowanne ya karɓa ya sa albarka. Na ƙarshe shi ne gidan Ilarie, wanda muke kira Nea Ilarie don girmamawa, abokin aikin Baba a rami, tsoho mai ido ɗaya da yake zaune shi kaɗai da awakinsa. Shi ne kawai ya sha a gabana. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dube ni, ya haɗiye.

"Allah ya kai masa," ya ce.

Ba a yi mako ba na ga fuskoki sun canja. In na ƙwanƙwasa sai a ɗan daɗe kafin a buɗe. Wata safiya na bar gyalena a kan shingen Gwaggo Sevasta, na juyo ɗauka, sai na same ta tana sheƙar da ruwan Baba a kwata.

Raina ya ɓaci, na ajiye bokitan. "Gwaggo! Ruwan mamacin? Mutumin da ya gyara miki rufin ɗaki lokacin da naki ɗan yake Madrid yana turo miki hotuna?"

"Rufa mini asiri ki rage murya, 'yar nan. Zo ki gani."

Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini wani baho. Ruwan jiya ne a ciki, ya zama ja kamar an wanke tsohuwar garma, ga wani maiƙo yana yawo a sama. A kan igiya ga zanen gadonta, wanda take shimfiɗawa in limamin coci zai zo, ya yi dabbare-dabbare.

"Na ce tunda ba ya shawuwa bari in yi wanki da shi, ko ladan ya rage. Kin ga sakamakon. Kajina ma da suke shan ruwan kwata sun leƙa shi sun juya. Ke kin ɗanɗana?"

"Kin san ba na ɗanɗanawa."

"To ki gode wa Allah da ya yi ki 'yar gida. Kamar ki tsotsi tsohuwar ƙusa ne, ga tsami ga bauri. Daren farko ni da bayan gida muka kwana."

Na ce ai da asuba fari tas yake fitowa. Ta ce haka yake yaudarar mutum, sai ya sha iska tukuna yake nuna halinsa.

Na wuce gidan Nea Ilarie ina huci. Ya miƙo kofinsa kamar kullum, na janye bokitin.

"Nea Ilarie, ka san abin da ke cikin ruwan nan?"

"Na fi ki sani. Zuba."

"Ka sani kake sha?"

Ya zauna a kan kututture ya ce tun da aka kashe injuna ruwa yake cika ramukan a hankali, yana jiƙa baƙin dutsen da aka farfasa, da tsofaffin ƙarafa da katakon da aka bari a ciki. Shekaru yana hawa, sai yanzu ya iso gindin rijiyoyi. Tamu ce ta fara samu don ta fi kowacce zurfi, Baba ya yi ta ƙara mata haƙa yana bin ruwan. "Ba ruwan da ya tafi ba ne ya dawo," in ji shi. "Wannan ya kwana a wurin aikinmu. Zuba mini, awakina suna jiran in kai su kiwo."

"Za ka kashe kanka, tsoho."

"Rami bai kashe ni ba sai kofi ɗaya? In kowa ya zubar, me ubanki zai sha?"

Na zuba masa ina ji kamar in kwaɗa masa bokitin.

Washegari na cika kwalba na hau bas zuwa gari. Na baro gida da ruwa fari, na isa ofishin hukuma da ruwan ɗorawa. Wata mai jan farce ta riƙe kwalbar da yatsu biyu ta ce wannan maganar kamfani ce. Na ce ina kamfanin? Ta ce an rushe shi. Injunan fa? An sayar wa 'yan gwangwan. To wa zai zuƙe wannan dafin kafin ya cika sauran rijiyoyi? Ta ce ana nazari, kafin nan kada a sha, kada a ba dabba, motar tanka za ta ci gaba da zuwa ranar Talata. Na ce mata da suna son kwal ba su yi nazari ba kafin su shanye mu. Ta ce in rubuto a takarda. Na bar mata kwalbar a kan tebur na ce ta zuba wa furenta.

Da yamma na zauna bakin gadon Inna, na gama ba ta tuwon masara da cuku, na fara lallaɓawa.

"Inna, ruwan nan fa ba shi da kyau. Daga rami yake. Bari in riƙa ɗebo wa Baba na tanka."

"Na tanka? Ruwan da ya kwana cikin ƙarfe, wanda ba a san rijiyarsa ba? Ubanki shekara nawa yana shan na tanka yana jiran nasa? Yanzu ya turo shi da kansa ki ce ba shi da kyau?"

"Ja yake zama, Inna. In ya jima ja yake zama."

"Ni da idona na gan shi fari."

"Idon naki da ba ya bambance ni da ƙofa?"

Na san na yi baki, amma ya riga ya fita. Kashegari na ɓoye kofi ɗaya a bayan murhu har azahar, na kawo mata don ta gani. Tana jin cewa ruwan Baba ne na bari ya wuni a gida, ba ta ko duba ba, ta sa hannu ta make kofin ya tarwatse.

"Satar masa kike yi! In kin gaji ki ce kin gaji. Koma wajen tsohuwarki ta Torino, ita ce mai biya. Ni zan ja gindi in kai masa."

Ta juya fuska bango ta yi kuka har ta yi barci. Likita ya riga ya ce zuciyarta ba ta son tashin hankali. To me zan yi? Na ci gaba.

Ban taɓa yin aikin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba. Kowace asuba in ja guga, sanda ta ci mini kafaɗa, in bi gida-gida ina raba abin da na san kwata za ta sha. Su karɓa da hannu biyu, su ce Allah ya kai masa, su jira in juya baya. Ina jin haushinsu don suna zubarwa, ina jin haushin Nea Ilarie don ba ya zubarwa. Ina jin haushin Inna, da kamfani, da mai jan farce. Har Baba sai da na yi wa faɗa a bakin rijiya, na ce kai da ka san abin da ke ƙasan nan, me ya sa ka yi ta sayen igiya kana sa wa matar nan rai? Hannuwana suka yi ja, bokitan suka yi ja. A ƙofar kowane gida kuwa, inda ake sheƙar da shi, wani jan zane ya kwanta daga gindin katanga mai farar ƙasa har cikin kwata. Gwaggo Sevasta ta shafe nata da farar ƙasa, ya sake ɓullowa.

Ni dai lissafina ɗaya ne, a kai ranar ƙarshe a saki ruwan a rafi yadda al'ada ta tanada don rufe kwanakin, Inna ta samu kwanciyar rai, ni kuma in ƙulle rijiyar in kama hanya. Na ɗauka daga gado za ta sa albarka. Ashe ba haka ta shirya ba.

Ranar arba'in na dawo daga rijiya da bokitaina, na tarar da ita tsaye a tsakar gida cikin baƙaƙen kayanta, sanda a hannu, ta rungumo fararen tawul ɗin da ta saƙa tun tana da ido, ɗaya don kowane gidan da ya sha wa Baba ruwa.

"Inna, ina za ki da waɗannan ƙafafun?"

"Mutane sun shayar da mijina, in aika musu godiya a bakin wata? Wuce mu je."

Muka fita, ni a gaba da ruwa, ita a baya tana dogarawa. Maƙwabta duk sun fito da kyandirori don rakiya zuwa rafi. A ƙofar Gwaggo Sevasta Inna ta tsaya ta huta, ta dafa katanga. Idonta ba ya ganin nesa, amma ja a kan fari a gaban hancinta ba ya ɓuya.

"Sevasta, me kika yanka a nan?"

"A'a, fenti ne, Filoftia. Fentin ƙofa ne ya zube."

"Ƙofarki shuɗiya ce tun aurenki."

Inna ta sunkuya da ƙyar ta shafa wurin, ta murza a yatsu, ta kai hanci. Ta matsa gida na gaba, muna biye da ita. Nan ma ga shi. Na gaba ma haka. Sai ta juyo ta ce in sauke bokiti.

"Inna, 'yan gida ba sa..."

"Sauke, na ce."

Ta sa tafin hannu ta kamfata ta kai baki. Na ga fuskarta ta yamutse. Ta tofar, ta goge harshe da bakin gyale, ta sake tofarwa. Tawul ɗin suka zube ƙasa, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauka.

"Wannan nake aika masa?" Muryarta can ƙasa. "Mutum ya mutu yana roƙon ruwa, ni kuma wannan nake ɗura masa kowace safiya?"

Sai ta ɗago ta kama hannun Gwaggo Sevasta. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kin sha?"

Gwaggo ta fashe da kuka. "Ranar farko kawai. Ki yafe mini, Filoftia, na kasa."

Na matso don in tare Inna in ta faɗi, na kuma shirya jin tsinuwar da za ta tashi ƙauyen. Sai na ga ta ɗaga hannun Gwaggo ta sumbata.

"Allah ya yi miki albarka. Abin da ba ki sha ba bai kai gare shi ba."

Haka ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambaya, kowa yana sunkuyar da kai yana cewa ya zubar, ita kuma tana godiya tana ɗauko tawul daga ƙasa tana kakkaɓewa tana ba shi. Ni da na yi makonni ina zagin mutanen nan a zuci, na tsaya sororo. Har aka zo kan Nea Ilarie, yana tsaye a baya da hularsa a hannu, ya rame ya yi zuru-zuru.

"Kai ma ka zubar, ko, Ilarie?"

"Ni na sha."

"Sau nawa?"

"Kullum."

Inna ta ɗaga sandarta, na rantse na ɗauka za ta sauke masa a ka. "Tsohon banza mai taurin kai! Kowace safiya kana tura wa abokinka tsatsa? Me ya yi maka?"

"Haba, Filoftia," in ji shi. "Ai ya san ɗanɗanon. In gorarmu ta ƙare a can ƙasa, shi muke tara da hula daga jikin dutse mu sha, ni da shi. Yana kurɓa zai san daga wajena ne. Gara wannan da ya waiga ya ga babu kowa."

Sandar ta sauko a hankali. Inna ta daɗe tana kallonsa da idon nan nata, sannan ta miƙa masa tawul na ƙarshe, wanda ya fi kowanne ado.

Wata daga cikin matan ta ce to yanzu a wuce rafi a saki ruwan, tunda kwanakin sun cika. Inna ta ce ruwan wa za a saki? Ba a kai komai ba. Ta tambayi Nea Ilarie ko idon ruwan nan na kan tudu, bayan tsohuwar gonar tuffa, yana nan. Ya ce yana nan, rami bai kai can ba, sai dai hawa ne na gaske, awakinsa ma sai sun tsaya hutu.

Duk suka juyo suna kallona. Na tuna da bayana, na tuna da matar Torino da ta ce in ban dawo ƙarshen wata ba za ta ɗauki wata. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta riga ni.

"Kawo mini gudumar ubanki da ƙusoshi tukuna."

Muka koma gida, jama'a na biye. Ita da kanta ta ciro sabuwar igiyar daga jikin guga ta naɗe ta a hannu, ta sa aka mayar da murfin da Baba ya yi shekaru yana shafa wa mai. Ta kafa ƙusa ta farko, ta buga ta kuskure, ta sake bugawa. Nea Ilarie ya miƙa hannu zai karɓa, ta ture shi. Sai da ta zagaye murfin duka. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina.

Gwaggo Sevasta ta kawo nata bokitan masu tsabta ta rataya mini a sanda. Rana ta riga ta fito, na ce wa Inna ai lokacin ɗiba ya wuce, a bari sai gobe da asuba.

Ta ajiye gudumar a kan murfin, ta dube ni.

"Tafi yanzu, Domnica. Kwana arba'in ubanki yana kan kofi ɗaya na Ilarie."

Na saɓa sandar na kama hanyar tudu.